Ruwan da Bai Nemi Gishiri Ba

A layin nan in ka ce "Gwaggo" ba sai ka ƙara da komai ba. 'Ya'yan ƙanenta ne suka fara kiranta haka, sunan ya bi gida-gida, har ya zamana tsofaffin da suka girme ta ma Gwaggo suke ce mata. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, mai muryar da in ta yi sallama a bakin titi sai an amsa a ƙarshen layi. Abu biyu ne ba a taɓa mata, mijinta da rijiyarta. Mijin ma, ranar da ta tashi da fara'a, takan bari a ɗan taɓa shi.

Sa'ad da aka kawo ta layin tana amarya, gidajen ba su taka kara sun karya ba, sauran duk fili ne da ciyawa, ruwa kuwa sai ka yi tafiya har ƙafa ta gaya maka. Mijinta direban babbar mota ne, yau yana gabas gobe yana yamma, saboda haka ita da bokiti suka saba da juna. Wata rana tana da tsohon ciki ta zame a hanya, ruwan ya zube, bokitin ya lotse, ta dawo gida tana ɗingishi tana rantsuwa ba za ta tsufa tana bin ruwa ba. Ta kama saƙa da kiwon kaji, ta sa Direba a gaba da mita, har dai aka kawo masu haƙa. Ranar da suka cim ma ruwa ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakar gida, sannan ta kira magini ya fasa katanga ta gefen layi, ya fitar da 'yar ƙofa wadda ba a taɓa sa mata ƙyaure ba.

Direba ya dawo daga tafiya ya tarar gidansa ya koma hanya, mata da bokitai sai kai-komo suke yi.

"Mai Rijiya," in ji shi, don tun ranar ya raɗa mata wannan suna, "yanzu ni a ina zan riƙa shan iska da singileti?"

"A cikin motarka," ta ce. "Ai ita ka aura, ni riƙo aka ba ka."

Tun daga nan rayuwar Gwaggo ta ɗaure da igiyar guga. A bakin rijiyar nan aka ƙulla aure, aka sasanta rigima, aka san wadda ke da ciki tun kafin mijinta ya sani. Yaran layin da yawa da ruwanta aka yi musu wankan farko, wasunsu yanzu har sun ajiye gemu. Tana da dokoki: ba a ajiye guga a ƙasa, ba a hawa bakin rijiya da takalmi, ba a gulmar wanda ba ya nan sai in ita ta fara. Ko ɗigo ba ta taɓa sayarwa ba. Amma a faɗi gaskiya, tana karɓar ladanta ta wani wajen, domin tana son a ce ruwan Gwaggo ya fi na kowa. Ana kuwa faɗa, kuma a lokacin ba ƙarya ake yi ba.

A can saman layi akwai wani makeken rami da magina suka bari bayan sun kwashe jar ƙasa. Da gari ya cika ya batse, sai motocin shara suka gano shi. Da farko jefi-jefi suke zuwa, daga baya har layi suke yi. Babu abin da ba a zubawa: sharar kasuwa, matattun batura, gwangwanayen fenti, baƙin mai daga garejin kanikawa, da abubuwan da bai kamata a ambata ana cin abinci ba. In damina ta sauka, ruwa yakan kwanta a ramin baƙi ƙirin, ya yi kwanaki, sannan a neme shi a rasa. Ba wanda ya tambayi inda yake tafiya. Gwaggo ta yi ta faɗa a kan wari da ƙudaje, amma ko a mafarki ba ta haɗa bolar da rijiyarta ba. Bola tana can, rijiya tana nan, ga gidaje jere a tsakani, me ya haɗa kifi da kaska?

Abin a hankali ya zo. Sabulu ya rage kumfa, aka ce masu sabulu ne suka rage imani. Butar shayi ta fara yin fari-fari a ciki, aka ce butocin zamani ne. Yara suka riƙa ciwon ciki da damina, aka ɗora wa ɗanyen mangwaro laifi.

Wadda ta fara buɗe baki ita ce Tela, matar ƙanen Gwaggo, mai ɗinkin kayan mata a wani gida da ke ɗaya gefen layin. Siririya ce mai magana ƙasa-ƙasa, amma in ta saki kalma ɗaya sai ka wuni kana susa. Tun ranar da aka kawo ta take tsokanar Gwaggo, Gwaggo na ramawa, kuma in ɗaya ta kwanta ciwo ɗayar ce ke zama a kanta. Wata safiya ta ja guga, ta kurɓa, ta ɓata fuska.

"Yaya, ruwan nan ya fara wani ɗanɗano."

"Bakinki ne ya tsufa, matarmu."

"Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza."

"To, kawo naki mu ɗanɗana. Au, na manta, ashe ba ki da shi."

Mata suka kwashe da dariya, Tela ta ɗauki bokitinta ta tafi tana murmushi, magana ta mutu. Da ma a nan ta tsaya, da Gwaggo ta ci gari. Sai dai Tela tana da 'ya.

'Yar tata ta fari tun tana ƙarama aka sa mata suna Don-Me, saboda ba a gaya mata abu ba ta nemi dalili ba. Rabin ƙuruciyarta a gindin rijiyar Gwaggo ta yi shi. Ta girma ta yi karatu mai zurfi a kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa, duwatsu da ruwa, ta yi aiki a wani gari mai nisa, sannan aka dawo da ita ofishin ruwa na garinsu. Ranar da ta zo gaisuwa, Gwaggo da kanta ta ja sabon guga, ta cika mata kofi. Don-Me ta kai shi hanci, ta ɗan yi jim, ta ajiye.

"Gwaggo, na ƙoshi."

"Ana ƙoshi da ruwa ne? Ke da kika yi wayo a cikinsa?"

"Shi ya sa na san ba haka yake ba." Ta gyara zama. "Ina tsoron ruwan bolar can ne yake biyo ƙarƙashin ƙasa. Zan kawo abokan aikina da na'ura mu duba. Kuma ba zan ɓoye miki ba, in shi ne, duba-gari za su rufe rijiyar."

"Su rufe me? Uwarki ce ta aiko ki."

"Ba wanda ya aiko ni, Gwaggo. Hancina ne."

Gwaggo ta yi faɗa har kaji suka watse, amma da yarinyar ta tafi sai ta zauna a bakin rijiya ta yi tagumi. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske. Ba rufe rami ne ya dame ta ba. In babu rijiya, ita wace ce a layin nan? Tsohuwa ce kawai mai yawan faɗa, irin wadda ake gaisarwa daga nesa a wuce.

Sai ta yi abin da kowace macen kirki take yi in za ta yi manyan baƙi, wato ta shiga gyara. Ta kira masu yasar rijiya suka shiga suka kwashe laka. Aka fito da tsofaffin guga, da cokula, da takalmin yaro wari ɗaya, da agogon Direba wanda ya ɓata shekarun baya har ya daina gaisawa da wanzamin layi a kansa. Aka zuba alam don ruwan ya kwanta ya yi garau, aka sayo sabuwar igiya, aka goge murfi. Direba, wanda yanzu ya ajiye tuƙi ya koma zaman gida, aka ba shi farar ƙasa ya shafe bakin rijiyar, ya shafe rabin gemunsa a kan hanya.

"Mai Rijiya," ya ce yana haki, "ranar aurenmu ma ba a yi wannan shiri ba."

"Kai ai ba wanda ya ce zai rufe ka."

Ranar da aka sa, tun da hantsi mota ta tsaya a bakin layi. Don-Me ta fito da hular rana, tare da wasu maza ɗauke da naɗin waya, da turakun ƙarfe dami guda, da guduma, da batirin mota, da wani akwati mai madannai. Gwaggo ta ci ado ta kafa kujera kusa da rijiya, rijiyar kuwa sai walƙiya take. Mutanen suka leƙo ta 'yar ƙofa, suka rusuna suka gaishe ta, suka wuce. Ko leƙa ruwan ba su yi ba.

"Ke Don-Me! Ga rijiyar nan fa!"

"Mun gan ta, Gwaggo, ta yi kyau ƙwarai. Amma ba ita muka zo tambaya ba tukuna. Ƙasar da ke ba ta ruwa muka zo tambaya."

"Ƙasa tana magana ne?"

"In an iya tambayarta. Za mu kafa turakun nan a jere daga bakin bola har ƙasan layi, mu haɗa su da waya. Akwatin nan zai tura lantarki kaɗan cikin ƙasa ta wasu turakun, ya saurara ta wasu. Daga yadda lantarkin ya wuce za mu gane abin da ke ƙasa, ba sai mun haƙa ba."

"Kamar hoton asibiti ke nan," in ji Direba.

"Kusan haka, Baba."

Gwaggo ta kalli farar ƙasar da aka ɓata, ta kalli sabuwar igiya, ta ja tsaki ta shige ɗaki. Ba ta daɗe a ciki ba sai ga Don-Me tana sallama da muryar neman alfarma. Ashe wayar dole ta tafi a miƙe, ba lanƙwasa, kuma miƙewar ta ratsa gidajen mutane. Wanzami ya ce ba za a kawo masa wuta gida ba. Matar mai burodi ta ce kajinta za su daina ƙwai. Wani tsoho ya kulle ƙofa ya ce a ce ba ya nan, da bakinsa.

"Gwaggo, ba wanda zai buɗe mana sai ke."

Wannan maganar ta shige ta. Ta kuma yi lissafi a ranta cewa in aka gama awon nan, gaskiyar rijiyarta za ta fito, Tela ta ji kunya. Ta ɗaura gyale a ƙugu ta fito.

Wanda bai ga Gwaggo a ranar ba bai ga mulki ba. Ta shiga gidan wanzami ta ce masa shi da ke yawo da aska a wuyan mutane ba shi da bakin tsoron waya. Ta sa aka ɗaure awaki, aka kife kaji da kwando, aka janye tabarmi da turmi. Tsohon da ya ce ba ya nan, ta gaya masa ta taga cewa ita ma ba ta nan, iska ce ke buga masa ƙofa, ya buɗe yana dariya. Wayar ta shiga ta ƙofar wannan, ta haye katangar wancan, ta bi ta bayan ɗakin girkin wata. Gidaje biyu da suka shekara ba sa ga-maciji sai ga su suna miƙa wa juna waya ta saman katanga. Gwaggo ta koyi tazarar turakun da ido, har ta fara yi wa mai guduma gyara.

Da rana ta take, sai akwatin ya fara ƙara yana ƙin aiki. Rani ne, ƙasa ta bushe ƙamas, turakun ba sa kama ta. Ma'aikatan suka ɗauko jarka suka riƙa tsiyaya ruwa a gindin kowane turke. Gwaggo ta tambayi ko ƙishirwa ƙarfen yake ji, aka ce mata ruwan gishiri ne, shi ke sa lantarki ya shiga ƙasa da sauƙi. Ba su kai rabin layi ba jarkar ta ƙare. Ɗaya daga cikinsu ya ce bari ya cika ta a rijiya, sannan ya je shago ya sayo gishiri.

"Ku fara zuba nawa haka nan mu gani," in ji Gwaggo. "Ruwana bai taɓa ba ni kunya ba."

Don su faranta mata, suka zuba a gindin turakun da suka rage. Mai akwati ya danna, ya duba, ya sake dannawa, ya ɗago kai.

"Kai! Wannan ruwan ai ba ya buƙatar gishiri. Duk sun kama."

Gwaggo ta rangaɗa guɗar da ta tayar da tattabarun layin gaba ɗaya. "Kun ji ko? Jama'a, kun ji da kunnenku! Ruwan wasu sai an sa masa gishiri, nawa shi kaɗai ya tayar da injin!" Direba ya kife bokiti ya hau kiɗa, mata suka fito suna tafi, ita kuwa ta taka rawa a tsakiyar layi har gyalenta ya kwance. Ta aika a kira mata Tela, ta ce a gaya mata ta zo da bakin nan nata da ya tsufa. Tela ta zo da tef a wuya, ta tsaya tana kallon 'yarta, domin ta lura ita kaɗai ce ba ta dariya.

Don-Me ta bari kiɗan ya lafa, sannan ta kama hannun Gwaggo ta kai ta inuwa. Ta nemi kofi biyu. Ɗaya ta zuba masa ruwan gora daga jakarta, ɗayan ruwan rijiya. Ta fito da wani ɗan ma'auni mai kama da alƙalami, ta tsoma a na farko, lamba ƙarama ta fito. Ta tsoma a na biyu, lambar ta yi tsalle ta haye.

"Nawa ya fi yawa!" in ji Gwaggo.

"Ya fi yawa, Gwaggo. Matsalar ke nan." Muryar yarinyar ta yi laushi. "Ruwa mai kyau ba ya ɗaukar lantarki sosai, shi ya sa muke zuba masa gishiri. Wanda ya ɗauka haka ba a sa masa komai ba, to da ma akwai abin da ya narke a cikinsa."

Gwaggo ta dubi kofin, ta dubi yarinyar. "Amma ai na sa an yashe ta. Har alam na zuba."

"Kwano kika wanke, Gwaggo. Abin da ke zubowa cikin kwanon daga can sama yake zuwa."

Da la'asar aka gama awo, Don-Me ta buɗe kwamfuta a kan turmi, mutane suka yi cincirindo. Hoton ya nuna cikin ƙasa kamar an yanka burodi an kalli gefensa. Daga ƙarƙashin bola wani launi mai duhu ya zuro kamar harshe, ya bi ta ƙasan gidan wanzami, ya ratsa na mai burodi, ya zo ya kwanta daidai inda rijiyar take. Nan ne, in ji ta, lantarki yake gudu ba abin da ya tare shi. Ta ƙara da cewa wani lokaci yumɓu ma yakan yi irin wannan launi ya ruɗi mutum, saboda haka za ta ɗebi ruwan a kwalabe ta kai ɗakin gwaji, su ne za su yanke magana.

"Tun yaushe yake zuwa?" Gwaggo ta tambaya.

"A hankali yake tafiya. Shekaru."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Ta tuna yaran da suka yi ta ciwon ciki ana zagin mangwaro, ta tuna da hannunta ta riƙa miƙa musu kofi. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ta, rawar da ta taka ɗazu ta dawo mata tana mata ciwo.

Washegari da safe mata suka zo da bokitai kamar kullum, domin sabo, kuma domin an ce sakamako bai fito ba. Gwaggo tana da damar yin shiru, ba wanda zai ga laifinta. Suka tarar da ita tsaye a bakin rijiya, ta kwance igiyar daga jikin guga ta naɗe ta a hannu.

"Ku saurare ni, ba zan maimaita ba," ta ce. "Ruwan nan ya lalace. Tela ta faɗa na ƙaryata ta, 'yarta ta faɗa na zage ta. Ba sai takarda ta gaya min ba, na gani da idona. Duk wadda ta sake kai ruwan nan bakin ɗanta, ban yafe ba." Muryarta ta karye a ƙarshe, ta gyara ta da tari. "To, me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin tsohuwa ta yi kuskure ba?"

Tela ce ta fara matsowa, ta karɓi igiyar, ta kama ɗaya gefen murfin, suka rufe tare. Da sakamakon gwaji ya fito ya tabbatar da maganar, duba-gari suka zo da kwaɗonsu suka tarar an riga su.

Aka shiga sayen ruwan tanka. Gidan Gwaggo ya yi tsit, 'yar ƙofar nan sai kaji ke bi ta cikinta. Ita kanta ta yi sanyi, abin da ya fi tayar wa Direba hankali ke nan. Ya je har shagon wanzami, wanda suka shirya tun ranar da agogo ya fito, ya zauna ya yi ajiyar zuciya.

"Tun da na aure ta ban taɓa kai ƙarshen magana ba sai a 'yan kwanakin nan," ya ce. "Wallahi ban ji daɗinsa ba."

Amma irin su Gwaggo ba sa daɗewa a kwance. Wata safiya ta ji ƙugin motar shara, ta miƙe kamar an tsikare ta, ta bi gida-gida ta tattaro mata, suka kwashi kujeru suka zauna a bakin hanyar bola. Direban sharar ya yi hon, ta ce masa ita matar direba ce, hon ba baƙonta ba ne. Kullum sai sun fito, Don-Me kuma tana ta kai hoton nan ofis-ofis, har dai aka karkatar da motocin, aka fara rufe ramin. Don-Me ta gaya musu gaskiya cewa ƙasar ba za ta warke yau ko gobe ba, sai dai a nemi wani ruwan.

Aka sake fito da turaku da waya, wannan karon a gicciye, ana neman inda harshen nan bai kai ba. Gwaggo ce a gaba, har tana gaya wa sabon ma'aikaci kada ya manta da gishiri. Hoton ya nuna akwai dutse a kwance a ƙarƙashin layin, kamar katanga, ya raba shi biyu. Ruwan bola bai tsallake shi ba. A bayansa, can ƙasa sosai, akwai tsaga a cikin dutse mai ɗauke da ruwan da ke zuwa daga wani ɓangaren dabam. Don-Me ta bi awonta taki-taki, jama'a na biye da ita, ta shiga wani gida, ta tsaya a ƙarƙashin igiyar shanya, ta kafa turke. Gidan Tela ne.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Na faɗa! Uwa da 'ya! Duk faɗin duniyar nan na'urarki ba ta ga ruwa ba sai a gidan uwarki?"

Layin ya ɗauki dariya, har da ita mai maganar. Wadda ba ta yi dariya ba ita ce Tela, domin idonta ya raina fata.

"Yaya, ni fa ban iya jama'a ba. Mutum uku in suka tsaya a kaina sai in ɗinka hannun riga a wuya. Ki gaya mata ta ƙara dubawa."

"Ƙasa ta riga ta yi magana, matarmu. Ki sayi haƙuri da babban buhu."

Mutanen layi suka haɗa hannu, ofishin ruwa ya kawo motar haƙa. Aka yi kwanaki ana ruri da ƙura, aka zura bututu, aka toshe samansa da siminti don kada ruwan sama-sama ya sami hanyar shiga, aka jawo famfo zuwa bakin ƙofa. Don-Me ba ta bari kowa ya kurɓa ba sai da kwalabenta suka je ɗakin gwaji suka dawo da albishir.

Ranar da za a buɗe, layin bokitai ya kai har shagon wanzami. Gwaggo ta daɗe a ɗaki kafin ta fito. Tun da aka haƙa rijiyarta ba ta taɓa zuwa ƙofar wani neman ruwa ba, kuma abin ya yi mata nauyi, ba ta ɓoye wa Direba ba. Ta ɗauki bokiti, ta tsallaka layi, ta je can ƙarshe ta tsaya a bayan kowa. Aka yi ta cewa ta wuce gaba, ta ce ita baƙuwa ce a nan, baƙo kuwa ba ya tsallake layi.

Sai ga Tela ta ratso mutane, ta kama ta a wuyan hannu ta ja.

"Yaya, kada ki mai da ni abin dariya. Tun safe nake tsaye ban san ta inda ake farawa ba. Waccan ta ce ita ta riga zuwa, wannan ta ce ƙarya ne. Ruwa dai a gidana ya fito, amma riƙonsa naki ne. Zo ki buɗe."

Gwaggo ta yi 'yar gardama don kada a ce da ma jira take, sannan ta murɗa kan famfon. Ruwa ya fito da ƙarfi, garau, ya fantsama a ƙafafun na gaba, aka sa shewa. Tela ta tara kofi ta miƙa mata da hannu biyu.

Tun daga gida Gwaggo ta shirya abin da za ta ce. Za ta ce ba laifi, sai dai yana warin ƙarfe, kuma bai kai nata sanyi ba. Ta ɗaga kofin tana harar Tela ta gefen ido, ta kurɓa. Ta tsaya. Ta sake kurɓa, ta riƙe shi a baki, ta haɗiye a hankali. Jama'a suka zuba ido suna jiran tsiyar da za ta sauke.

Ba tsiyar da ta zo. Idanunta ne suka cika, dariya kuma ta ƙwace mata a lokaci guda.

"Ashe haka ruwa yake," ta ce. "Wallahi na manta."

Ta shanye sauran tas, ta goge baki da bayan hannu, ta miƙa wa Tela kofin ta ce a ƙaro.